Filin Lambun Gida: Jar Ƙasa, Ruwan Kwata da Tumatirin Damina

Wasiƙun wannan wata kusan duk daga cikin garin Kaduna suka fito, kuma yawancinsu kuka biyu suke yi: ƙasa ta ƙi, ruwa ya yi tsada. Mun zaɓi guda bakwai, mun taƙaita su, mun cire sunaye kamar yadda aka saba a wannan fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. A tsakar gidanmu akwai fili da ba a yi wa siminti ba, zai kai taku shida a tsaye, huɗu a kwance. Jar ƙasa ce mai tauri, fartanya ma da ƙyar take shiga. Na ji ana maganar wani tsarin noma wai shi famakalca da ba ya bukatar takin zamani. Ta ina zan fara?
Wata uwargida, Unguwar Dosa

Amsa: Wa alaikumus salam, uwargida. Filin nan ya isa ya ɗauke miki mafi yawan cefanen ganye, in dai an tsara shi. Famakalca tsari ne da wasu 'yan Ostireliya biyu, Bill Mollison da David Holmgren, suka fitar a rubuce a 1978. Jigonsa shi ne a ajiye kowane abu inda sharar wannan za ta zama abincin wancan: ɓawon kayan miya ya tafi wurin kaji, kashin kaji ya shiga taki, taki ya ciyar da ganye, ruwan alwala ya gangara gindin ayaba. Manomin da ke haɗa gero da wake a kunya ɗaya, ya kuma bar gawo a tsakiyar gonarsa, ya riga ya san rabin karatun.

Kada ki taɓa ƙasar tukuna. Ki ɗauki kwana uku kina duba inda rana take da ƙarfe 8 na safe, da 12, da 4 na yamma, kina ajiye dutse a bakin inuwa. Duk abin da ake shukawa don 'ya'yansa, irin su kuɓewa da tattasai da tumatir, yana son rana ta awa 6 ko fiye. Ganye kuwa yana haƙuri da awa 3 zuwa 4. Ki sani kuma inuwar ba ta zama wuri ɗaya duk shekara. Da hunturu rana takan karkata kudu, har katangar kudu mai tsayin mita 2 ta jefa inuwar da ta haura mita 1 da tsakar rana a watan Disamba. Wurin da kika ga tarwai a Yuni yana iya zama cikin inuwa a lokacin da kike son tumatir. In an yi ruwa, ki fita ki ga inda indararo ke zuba da inda ruwa ke kwanciya.

Sai gyaran ƙasa. Abin da ya sa ta yi tauri shi ne babu ruɓaɓɓen ganye ko taki a cikinta, ruwan sama yana dukan fuskarta tsirara, rana tana gasa ta, ƙafa tana danne ta. Ki fitar da gado biyu, kowanne faɗin mita 1.2, da hanyar santimita 40 a tsakani. An zaɓi wannan faɗi ne don hannu ya kai tsakiya daga kowane gefe, ba sai an taka ba, kuma daga ranar kada ƙafa ta sake hawa gadon. Ki jiƙa wurin da yamma ya kwana, da safe a sa diga a fasa shi zurfin santimita 30, a tsince marmara da ɓaraguzan gini. A kowace murabba'in mita a zuba bokiti biyu na ruɓaɓɓen taki a cakuɗa. Wannan haƙa ta sau ɗaya ce. Daga nan ba a sake juya ƙasar, sai dai a riƙa ƙara bokiti ɗaya a sama duk lokacin sabuwar shuka. Wasu za su ce ki zuba yashi. Ɗan yashi kaɗan a cikin jar ƙasa mai laka ba ya sassauta ta, taki ne ke yin wannan aikin.

A ƙarshe a rufe gadon da busasshiyar ciyawa, ko ɓawon gyaɗa, ko ɓuntun shinkafa, kaurin santimita 5 zuwa 8. In akwai abu ɗaya da muke so ki riƙe, to wannan ne: kada rana ta ga ƙasarki tsirara.

Kaduna tana da fuska biyu, kuma gadon da ya dace da ɗaya bai dace da ɗaya ba. Daga Mayu zuwa farkon Oktoba a ɗaga gadon santimita 20 sama da hanya, don a marka ruwa ya tsiyaye, saiwa ta sami numfashi. Da rani a ja ƙasar gefe a mai da shi fangali, mai ɗan zurfin santimita 10, ruwan da aka zuba ya tsaya a gindin shuka.

Abin da ake tsinka kullum ya zauna kusa da ƙofar kicin: alayyahu, albasa mai lawashi, ɗaɗɗoya, da na'ana'a, amma ita a bokiti, don tana yaɗuwa ta cinye gado. Can jikin katangar yamma, wadda ke ɗaukar zafin la'asar, a jera zogale da shuwaka tazarar mita ɗaya-ɗaya, a riƙa datse zogalen daidai ƙirji don ya yi rassa ya kuma tsaya inda hannu ke kaiwa. Ugu ya hau katanga da igiya. Kuɓewa a ba ta santimita 60 tsakanin layi, 40 tsakanin gindi, a sa wake a tsakani ya rufe ƙasa ya kuma ƙara mata ƙarfi. Ki fara da alayyahu, don shi ne mai saurin ba da ƙwarin gwiwa: rabin ƙaramin cokali na iri a cakuɗa da yashi cikin gwangwanin madara, a barbaɗa a murabba'in mita biyu, cikin mako 3 zuwa 4 an fara cira. Duk bayan mako biyu a shuka wani ɗan yanki, kada duk ya zo lokaci guda.

Tambaya: Mu a unguwarmu ruwa saya muke yi wurin 'yan ga-ruwa. Ga shi kuma ruwan wanka da na wanke-wanke yana fita lungu, kullum sai an yi cacar baki da maƙwabta a kan kwata. Zan iya yin lambu da wannan ruwan, ko zai kashe shuka?
Wani magidanci, Rigasa

Amsa: Malam, matsalolinka biyu kowace maganin 'yar'uwarta ce. Amma sai an raba ruwan kashi uku. Ruwan alwala, da na wanke shinkafa ko ganye, da na ɗauraye na ƙarshe, wannan a zuba wa kowace shuka kai tsaye. Ruwan wanka da na wanki mai ɗan sabulu, wannan na itatuwa ne, a ƙarƙashin ciyawa. Na uku shi ne wanda ba ya shiga lambu ko kaɗan: duk ruwan da ya taɓa bayan gida ko wankin kashin yara, da mai bilic, da ruwan omo na farko mai kauri, da mai maiƙo. Gishirin da ke cikin omo yana taruwa a ƙasa da rani, za ka ga bakin ganye yana ƙonewa da fari-fari a fuskar ƙasa.

Ga kashi na biyu, abin da ya fi dacewa shi ne ramin ayaba. A zaɓi wuri mita 2 zuwa 3 nesa da ginin ɗaki, kuma aƙalla mita 15 nesa da rijiya in akwai. Kafin a yi wahala a gwada ƙasar: a haƙa ɗan rami santimita 30, a cika da ruwa. In ya kwana ya wuni bai shanye ba, akwai marmara ko laka a ƙasa, a nemi wani wuri. In ya shanye, a haƙa rami mai siffar kwano, faɗin mita 1.5 zuwa 2, zurfin santimita 70 zuwa mita 1. Ƙasar da aka fitar a tara ta kewaye da bakin ramin ta zama tudu, a haɗa ta da taki. Ramin kuma a cika shi da kara, da totuwar masara, da busasshen ganye, da guntayen itace, har ya yi tozo. A jawo bututun makewayin wanka mai ɗan gangare, bakinsa ya ƙare a cikin ciyawar, ba a samanta ba. A sa 'yar rariya ko tsohuwar safa a bakin bututun ta tare gashi da datti, a riƙa zazzagewa duk mako.

A kan tudun a dasa 'ya'yan ayaba huɗu ko biyar. A nan mutane ke yin kuskure wurin zaɓe: ɗan ayaba mai faffaɗan ganye tun yana ƙarami yana da kyan gani amma rago ne, wanda ake so shi ne mai kaurin gindi da siraran ganye masu tsini. A gefen ciki, inda danshi ya fi yawa, a sa gwaza. A gefen waje a sa dankali ya rufe tudun. Gwanda ma tana shiga, amma a can ƙololuwar tudun ta waje, don in ruwa ya kwanta a gindinta kwana biyu kawai sai ta ruɓe.

Kada a taɓa ganin ruwa a fili cikin ramin. In an gani, ciyawa ta yi kaɗan, kuma an buɗe wa sauro gida, ga haɗari ga yara. Ciyawar takan lotsa duk wata, a ƙara. Kowane gindin ayaba a bar masa uku kacal: uwa mai ɗauke da nono, da mai bi mata, da ƙaramin da ke tasowa. Sauran a cire, in ba haka ba za a sami daji ba 'ya'ya. A watan Agusta, in ramin ya ƙoshi da ruwan sama, a kau da bututun na ɗan lokaci.

Sannan kada ka bar na sama ya wuce ka. Kaduna tana samun ruwan sama fiye da milimita 1,000 a shekara, kuma kowace milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya na kwano lita ɗaya ce. Rufin ɗaki biyu mai mita 8 da mita 5, in an yi ruwan milimita 25, ya zubar da lita 1,000. Ko an cire abin da ya fantsale, za a tara kusan lita 800, wato jarka 32 masu lita 25. A bar ruwan farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsu, sannan a tara a durom ko tanki mai murfi, a ɗaure bakin shiga da gidan sauro. Wanda aka tara a ƙarshen damina shi ne zai raini irin rani.

Da bazara gado mai mita 1.2 da mita 3 yana shan kusan jarka guda a rana in ƙasar a buɗe take. Rufi da ciyawa yana rage wannan ƙwarai. Akwai kuma dabarar binne tulu: tulun ƙasa marar fenti, a binne shi har wuya a tsakiyar fangali, a cika da ruwa, a rufe bakin da faranti, a shuka tattasai ko tumatir huɗu kewaye da shi tazarar santimita 30. Ruwan yana tsattsafowa ta jikin tulun daidai yadda ƙasa ta bushe, a ƙara masa duk kwana 2 zuwa 4.

Tambaya: Ina da kaji kusan ashirin. Na kwashe kashinsu na zuba wa yakuwa da alayyahu, bayan kwana uku duk suka ƙone. Da na tara shi da sharar kicin a rami kuma, wari ya hana mu zama. Me na yi ba daidai ba?
Wata Hajiya, Barnawa

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara albarka a kiwon. Kina da taki mafi ƙarfi da ake samu a gida, ƙarfin ne ya yi yawa. Ɗanyen kashin kaji yana fitar da iskar nan mai yaji da kike ji in kin shiga akurki, ga kuma gishiri, su ne suka ƙone saiwar. Warin rami kuwa daga rashin iska ne: jiƙaƙƙen abu kan jiƙaƙƙen abu, ba abin da zai buɗa tsakaninsu.

A bar rami, musamman da damina, a yi tsibi a saman ƙasa cikin inuwa. Girmansa ya kai mita ɗaya ta kowace fuska, don ƙarami ba ya ɗaukar zafi. A fara da shimfiɗar kara a ƙasa. Daga nan a bi wannan awo: bokiti uku na busasshen abu (ganyen da aka share, ƙaiƙayi, ɓawon gyaɗa, yagaggen kwali), bokiti ɗaya na kashin kaji, bokiti ɗaya na ɗanyen abu kamar ɓawon kayan miya da ɗanyar ciyawa. Kowane hawa a yayyafa ruwa da ɗan tafin ƙasa. Gwajin danshi a hannu ake yi: ki damƙi tafi guda ki matse. In ruwa ya zubo, ya yi yawa, a ƙara busasshe. In ya wargaje da kin buɗe hannu, ya yi kaɗan. Wanda ake so shi ne ya dunƙule, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito tsakanin yatsu.

A soka ƙarfe a tsakiya. Bayan kwana uku a zaro, in ya yi zafin da ba a iya riƙewa da daɗewa, aiki ya kama, kuma zafin nan ne ke kashe irin ciyawa da yawancin ƙwayoyin cuta. A juya tsibin duk mako, na waje ya koma ciki. Cikin mako 6 zuwa 8 zai yi baƙi, ya huce, ya yi ƙamshin ƙasa, ba a gane abin da aka zuba. A rufe shi da tsohon buhu, da hunturu don kada ya bushe, da marka don kada ruwa ya wanke shi.

Nama, da mai, da kashin kare ko kyanwa ba sa shiga. Toka kuma kada a haɗa ta da ɗanyen kashin kaji, don tana korar ƙarfinsa ya bi iska. A ajiye ta daban, a barbaɗa tafi ɗaya a murabba'in mita, ba fiye ba. Muna kuma roƙon masu sayen takin bola su yi hattara: akwai matattun batura da kwalba da leda a ciki, ba abin da za a shuka ganyen da yara za su ci ba ne.

Tambaya: Kun ce a rufe ƙasa da ciyawa. Na yi, gara ta zo ta cinye, har ta taɓa min zogale biyu. In daina ne?
Wani dattijo, Kawo

Amsa: Ranka ya daɗe, kada a daina. Gara busasshen abu take nema, kuma hanyoyin da take haƙawa suna buɗe jar ƙasa ruwa ya shiga. A Nijar da Burkina Faso manoma da gangan suke zuba taki a ƙananan ramuka don su jawo ta ta fasa musu fako. Takan koma kan shuka mai rai ne in shukar ta galabaita da ƙishirwa, ko an ji mata ciwo a gindi, ko ciyawar ta ƙare ba a ƙara ba.

A janye ciyawar santimita 10 daga jikin kowace shuka, a zagaye gindin da toka. Kusa da shuka a yi amfani da ɗanyen ganyen dogon yaro maimakon kara. Kada a bar ƙasar ta bushe ƙamas tsakanin ban-ruwa. Zogalen da aka dasa da reshe ya fi fuskantar wannan, don bakin yankan ƙofa ce, saboda haka inda gara ta yi yawa a shuka shi da iri. In gidan na ƙasa ne ko akwai azara da katako, a bar aƙalla mita ɗaya tsakanin ciyawar da jikin gini, a rufe wannan wuri da kabewa ko dankali mai rai. In kuwa shuri ne a cikin gidan, sai an haƙa an fitar da uwar.

Tambaya: Na dasa tumatir gindi goma sha biyu a watan Yuni. Sun yi kyau har suka fara fure, sai ganye ya fara baƙi daga ƙasa, wasu kuma suka yi yaushi rana ɗaya suna kore shar. Wane magani zan fesa?
Wata malamar makaranta, Malali

Amsa: Malama, kafin magani sai an san ciwon, kuma abin da kika bayyana ciwo biyu ne daban. Baƙin da ke farawa daga ganyen ƙasa yana hawa sama cutar danshi ce. Ruwan sama yana dukan ƙasa ya fantsala ta a ganye, ganyen ya kwana a jiƙe. Maganinta ɗaure shuka a sanda, tsinke duk ganyen da ke ƙasa da santimita 30, rufe ƙasa da ciyawa, da ba da tazarar santimita 60 da 45 don iska ta ratsa.

Mai yaushi yana kore kuwa, ki gwada shi haka. Ki yanke karan kusa da gindi, ki rataya bakin yankan cikin ruwa mai tsabta a kofin gilashi, kada ki motsa. In bayan 'yan mintuna kin ga wani farin zare-zare yana saukowa daga bakin karan, cutar da ke toshe hanyar ruwa ce a cikin shukar, daga ƙasa take, kuma babu feshin da ke warkar da ita. A tumɓuke da saiwa da ƙasar gindin a fitar daga gidan, kada a sa a taki. In babu farin zaren, ki duba saiwar. In ta yi ƙulle-ƙulle, ƙananan tsutsotsin ƙasa ne da ido ba ya gani, kuma suna kama kuɓewa ma. A duka biyun, gadon nan ya huta daga tumatir, tattasai, attaruhu, gauta da dankalin Turawa na shekara biyu zuwa uku, don dangi ɗaya ne, ciwonsu ɗaya. A sa masara da albasa a wurin, a yawaita taki.

Gaskiyar magana, damina ba lokacin tumatir ba ce a Kaduna, shi ya sa yake tsada a lokacin. A raini iri a ƙarshen Satumba ko Oktoba, a dasa bayan mako 3 zuwa 4 in ya yi ganye huɗu ko biyar, da yamma, a ci daga Janairu. In aka makara har fure ya faɗa zafin Maris da Afrilu, zai riƙa kaɗewa ba tare da ya ɗaura ɗa ba. Mai son tumatirin damina ya nemi ƙananan nan na gargajiya masu fitowa da kansu a bayan gida, sun fi juriya, ya kuma sa su a bokiti ƙarƙashin bakin rufi inda rana ke samu amma ruwa ba ya duka.

Da rani kuma abokin gaba daban ne: tsutsar nan da ta cinye gonakin tumatir har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kanta a 2016. Tana shiga tsakanin fatar ganye ta cinye cikin, ta bar tabo fari mai shara-shara. Ki ɗaga ganyen ki duba ta hasken rana, za ki ga 'yar tsutsar da baƙin kashinta a ciki. A gindi goma sha biyu hannu ya fi feshi: duk kwana biyu a zaga, a tsinke ganyen da ta shiga, a murtsuke ko a binne da zurfi. A ƙara da ruwan dogon yaro. A ɓare busassun 'ya'yansa, a daka ƙwayar giram 500, a jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, a tace da ƙyalle, a narka ɗan sabulun wanki kamar girman ƙwayar gyaɗa biyu don ya kama ganye. A fesa da yamma, sama da ƙasan ganye, duk mako, domin rana tana kashe ƙarfinsa. Ba ya kashewa nan take, yana hana ƙwaro ci da girma ne, saboda haka a fara da wuri. Yana aiki a kan darɓa da farin ƙuda ma. Kada a ajiye ragowar, a haɗa sabo kowane lokaci.

In kuma kin ga gindin ɗan tumatir ya yi baƙi ya lotsa, ba ƙwaro ba ne. Ban-ruwa ne ba a kan ƙa'ida ba, yau ambaliya gobe ƙishirwa. A daidaita shi.

Tambaya: Gidan haya nake, ko'ina siminti, kuma mai gida ba zai yarda a fasa ba. Akwai abin da zan iya?
Wata amarya, Kabala

Amsa: Akwai, amarya, kuma in kin tashi kya tafi da lambunki. Ki nemi buhu mai cin kilo 50. Haɗin ƙasa: kashi biyu ƙasa mai kyau, kashi ɗaya ruɓaɓɓen taki, kashi ɗaya ɓuntun shinkafa ko yashi mai tsakuwa. Ƙasa zalla a buhu takan dunƙule, ruwa ya bi gefe ya fita bai jiƙa tsakiya ba. Don haka a yi mata hanyar ruwa: a cire kai da gindin babban gwangwanin tumatir, a tsayar da shi a tsakiyar buhun, a cika shi da tsakuwa, a zuba ƙasa kewaye, a ja shi sama, a sake cikawa, har buhun ya cika. A cikin tsakuwar nan ake zuba ruwa, lita 3 zuwa 5 a rana. A tsaga jikin buhun tsagi kaɗan-kaɗan tazarar santimita 20, layi na sama ya faɗa tsakanin na ƙasa, a cusa dashen alayyahu ko latas, a sama kuma a sa albasa ko yakuwa.

Attaruhu da tattasai a ba kowanne bokitin fenti mai lita 20, wanda aka wanke sarai. A huda shi a gefe, santimita 3 daga ƙasa, maimakon a gindi, don ɗan ruwa ya rage masa na rana. Komai a ɗora kan bulo ko katako, saboda simintin Maris yana dafa saiwa. Abincin da ke cikin buhu yana ƙarewa bayan kamar wata biyu, a riƙa ƙara tafi biyu na taki a sama duk mako biyu. Rana tana cin buhun leda, da wuya ya wuce shekara, sai a juye ƙasar a sabo a ƙara mata taki. Ƙadangaru kuma suna son sabon tsiro, a rufa masa tsohon gidan sauro har ya yi ƙwari.

Tambaya: Na shuka lalo sau biyu bai fito ba. Kuma irin tumatirin da na cire daga wanda na saya a Kasuwar Bacci ya fito, amma 'ya'yan ba su yi kama da uwar ba.
Wani ɗalibi, Tudun Wada

Amsa: Ɗan'uwa, irin lalo yana da ɓawo mai tauri da ke hana ruwa shiga. Ka ƙulle shi a ƙyalle, ka tsoma a ruwan da aka sauke daga wuta yanzu na daƙiƙa 10 kacal, ka fitar ka tsoma a ruwan sanyi, ka baza a inuwa ya sha iska, ka shuka a ranar. In ya daɗe a ruwan zafin ya dahu. Kada ka binne shi fiye da rabin santimita. Kuɓewa kuwa jiƙa ta ake yi a ruwan sanyi ta kwana.

Tumatirin da ka saya mai yiwuwa irin aure ne, wanda ake rubuta F1 a jikin fakitinsa. Shi sau ɗaya yake ba da abin da aka san shi da shi, jikokinsa kowa kamarsa daban. In kana son ajiye iri, ka nemi na gargajiya wurin masu lambu na bakin Kogin Kaduna. Ka zaɓi gindin da ya fi lafiya, ba ɗan da ya fi girma ba. A matse cikin nunannen tumatir a kofi, a bar shi kwana 2 zuwa 3 ya yi tsami har santsin ya rabu, a wanke, a zubar da wanda ya taso sama, a shanya a inuwa kan faranti na mako guda. Kuɓewa da yakuwa a bar su su bushe a jikin uwar har su fara tsagewa. Attaruhu da tattasai in suna kusa da juna ƙwari kan haɗa su, saboda haka wanda za a ɗebi irinsa a nisanta shi ko a rufe furen da gidan sauro. Wake da masara kuwa akwai ingantattun iri da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar, masu suna SAMPEA da SAMMAZ. Duk irin da ya bushe a zuba shi a kwalba mai murfi da cokali ɗaya na tankaɗaɗɗiyar toka, a rubuta suna da wata a jiki, a ajiye nesa da murhu. Kafin shuka a gwada ƙwaya goma a jiƙaƙƙen ƙyalle: in ƙasa da bakwai suka tsiro cikin mako guda, a ƙara yawan irin da za a zuba, ko a nemi sabo.